Ƙafa Ashirin a Shafi Ɗaya

6 ga Maris

Gwaggona,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya gwiwar taki? Allah ya sa ta bar ki kina hawa matakalar gidan nan ba tare da kin tsine wa wanda ya gina ta ba. Mu nan mun gode Allah. Baba yana gaishe ki, ya ce in faɗa miki garau yake. To na isar da saƙonsa kamar yadda ya ba ni, abin da ya biyo baya nawa ne.

Takardar neman shiga makarantar koyon jinya ta iso, na gode da wahalar da kika sha wajen shugabar. Na sa ta ƙarƙashin akwati don kada ta yamutse. Ban cike ta ba tukuna, kuma don Allah ki ji dalili kafin ki ɗauki biro.

Gwaggo, jikin Baba ba daidai yake ba. Ba ya zazzaɓi, ba ya amai, yana cin abincinsa, kullum kuma da hantsi yana kan kujerarsa a shago da basilla a hannu yana ɗinkin takalman mutane. Amma kin san shekara huɗu ke nan ina riƙe da littafin zane a shagon. Duk wanda ya cire takalmi ya zauna a benci yana jira, sai na zana shi: malamin makarantar da ke kawo takalmin da ya kamata a ce an yi masa jana'iza tun bara, da matar da ke taya gyara kamar za ta sayi gida. Shi Baba kuwa na zana shi ya fi sau ɗari, don shi kaɗai ne ba ya motsi, ba ya kuma cewa a nuna masa. Makon jiya na buɗe littafin bara ina neman wani shafi, sai na ga mutumin da ke ciki ba shi ne ke zaune a gabana ba. Ƙafarsa ta kumbura. In ya sunkuya ya ɗauki guduma, sai ya jima kafin ya iya amsa gaisuwa.

Na ce masa mu je asibiti, ya yi mini kallon da yake yi wa takalmin roba. Ya ce wadda ta raine shi, wato ke, shekara talatin da biyu ta yi tana aikin asibiti, in da wani abu ita za ta fara faɗa, ba zai je ya bi layi yara masu farar riga suna tambayarsa shekarunsa ba. Ga maganarsa kamar yadda ta fito: "Ranar da Yaya ta rubuto ta ce in je, ko ina tsakiyar ɗinki ne zan ajiye in tafi."

Layi ɗaya nake roƙo, Gwaggo, da hannunki, ki ce masa ya je. Na yago shafi uku daga littafin na sa a ciki, kowane da ranar da na zana shi, ki duba da idonki na aiki. Ba zan iya tafiya makaranta in bar shi a haka ba.

Taki,
'Yarki

24 ga Maris

Zuwa ga Malama Mai-zane,

Wa'alaikumus salam. Ina lafiya, gwiwa ma da sauƙi tunda ba ta zane. Ki gaishe mini da ubanki.

Na ga takardarki, na kuma ga abin kunyar da kika cusa a ciki. Sai da na nemo tabarau na goge shi, ina tsammanin laifinsa ne. Wannan shi ne abin da kika yi shekara huɗu kina yi? Kin ba ƙanena ƙafafu kamar taɓarya. Kin ja masa wata igiya a gefen wuya kamar akuyar da za a kai kasuwa. Hannuwa kuma kin tsuke su kamar tsinken tsintsiya, sannan kika ɗora masa tumbi. Abin da ya fi ba ni haushi, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana gyara takalman gari, kin zana shi da maɗaurin takalmi a kwance. Ko ɗan makaranta aka ba gawayi zai fi ki tausayin ubansa.

Yanzu mu zo kan maganar asibiti. Ke da bakinki kika ce ba zazzaɓi, ba amai, yana ci, yana aiki. To me ya rage? Duk wanda ya yi shekara arba'in a kan kujera ƙafa na lilo, in yamma ta yi dole ta yi nauyi. Ki kifa masa bokiti ya ɗora ƙafa a kai in ya tashi aiki, magana ta ƙare. Ba ke za ki koya mini cuta ba. Na ga marasa lafiyan da suka fi gashin kanki yawa, tun daga bakin ƙofa nake gane wanda zai kwana da wanda za a sallama, likitoci ma sai sun kalli fuskata kafin su buɗe baki. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, balle yaron da kansa ke duƙe a kan takarda.

Ke dai faɗi gaskiya, ba kya son zuwa. Kin ɗauka na manta da bara? Na roƙi shugabar makaranta ta ajiye miki rana, na sayi kaza, na share ɗaki, sai ga saƙo wai mota ta tafi ta bar ki a tasha saboda kin tsaya zana mutanen da ke layin shiga motar. A duk zuri'armu ba a taɓa yin wanda ya zauna yana kallon motarsa tana cika har ta tashi ba. Ba daga wajenmu kika gado wannan ba. Mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta, haka take, a aike ta sayen gishiri ta tsaya kallon faɗan kaji. Bara mota ce, bana kuma kin rasa abin fakewa sai ƙafar ubanki.

Ba zan rubuta wa dattijo in tsorata shi a kan zanen yarinyar da ba ta iya ƙafa ba. Ranar ashirin ga Yuni ake rufe karɓar takardu. Ki cike, ki liƙa hoto, ki aiko. Littafin nan kuma ki ba mai shayi ya kunna wuta, ya yi amfani ko sau ɗaya a rayuwarsa.

Gwaggonki

9 ga Afrilu

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, na ji daɗi da gwiwa ta yi sauƙi. Mun kifa bokitin kamar yadda kika ce. Mako biyu ke nan, bokitin ya lotsa, ƙafar tana nan yadda take.

Za ki ga hoton Baba a cikin ambulan ɗin nan. Shi ya ce lallai a sa, don na yi kuskure na karanta masa inda kika gaishe shi, ya hango sauran, ya gane na kai ƙararsa. Kwana biyu bai yi mini magana ba, a rana ta uku ya sa doguwar rigarsa ta zuwa biki ya ce in raka shi wurin mai hoto. Tunda za ki kalli hoton, bari in faɗa miki yadda aka yi shi. Daga shago zuwa wurin mai hoton taku ɗari biyu ne, sau uku muka tsaya, kowane tsayi wai yana duba takalmin wani mai wucewa. Mai hoton nan kuwa ɗan duniya ne, ko gawa aka kai masa zai sa ta murmushi. Ya zaunar da shi, ya ja rigar har ƙasa, ya ajiye tukunyar furen roba daidai gaban ƙafafun, ya ce ya ɗaga haɓa. Da muka je karɓa na ga ya goge masa har tabon goshinsa na haihuwa. Ki duba da kyau, mutumin da ke cikin hoton ya girme ni da shekara biyar ne kawai.

Ya kuma je wurin mai kemis na bakin titi, wanda ko karaya aka kai masa cewa zai yi sanyi ne. Ya ba shi maganin ƙarin jini kwalba biyu da wani man shafawa mai warin kananzir. Baba yana sha da bismillah kamar an sauko da shi daga sama.

Maganar tasha gaskiya ce, na yi wauta, ban kuma taɓa musu ba. Amma maganar igiyar wuya, ban ja masa igiya ba, Gwaggo, jijiya ce, tana nan tsaye ko yana zaune shiru. Maɗaurin takalmi kuma a kwance na gan shi, don ba ya kaiwa. Ni ba na ƙari a zane. Wurin Baba na koya, tun ina ƙarama nake ganin yana ɗora ƙafar mutum a kan kwali ya zagaye ta da fensir kafin ya yanka fata, yana cewa in ka yi wa ƙafa ƙarya ita za ta tona maka asiri a hanya.

Ga shafi biyu kuma. Ɗaya yana barcin rana a zaune, da matashi uku a bayansa, don ya ce in ya miƙe sai ya ji kamar an ɗora masa buhu a ƙirji. Ɗayan hannunsa ne, ki dubi yadda zoben ya nutse. In zanen bai yi miki ba ki zage shi son ranki, na saba. Layin nan ɗaya dai nake jira.

Taki,
'Yarki

28 ga Afrilu

Ke,

Wa'alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, ban da hawan jinin da takardunki ke jawo mini.

Hoton ƙanena ya iso, na sa shi a firam na rataye a falo. Tubarkalla, ga mutum ya yi ƙiba, ya yi haske, kamar wani shugaban ma'aikata. Maƙwabciyata ta shigo ta ce ashe ƙanen nawa yaro ne. Gani ya kori ji. Yanzu so kike in ƙaryata na'urar da masana suka ƙera, in gaskata fensirin da kike fiƙewa da wuƙar yankan fata? Mai hoto ɗan duniya ne, mai kemis jahili ne, ubanki maƙaryaci ne, ni kuma makauniya ce. Kowa a duniya ya ɓace sai ke da littafinki. Wannan girman kai ban san inda kika samo shi ba, ke da ko takardar shaidar wanke kwano ba ki da ita.

Na kalli sababbin zanen naki don kada a ce ban kalla ba. Matashi uku! Mutum ya tsufa ya ji daɗin jingina, shi ma ya zama cuta? Ni biyu nake sawa, sai ki zo ki zana ni ki kai wa masu haƙa kabari. Yatsun kuma kin yi su kamar ayaba. Na lura da ke, duk abin da ya wuce fuska ba ki iya ba, hannu da ƙafa sun fi ƙarfinki, shi ne kike lulluɓe gazawarki da sunan cuta. In ɗaliba ta kawo mini irin wannan a matsayin rahoto lokacin da nake aiki, da ta wanke fo ɗin majinyata na mako guda.

Bari in faɗa miki abin da ke gabanki, tunda ba mai faɗa miki. Shekararki ashirin da uku. Sa'o'inki suna ɗaukar albashi, wasu na goye da na biyu, ke kina tsugune cikin warin gam kina zana dugadugan mutane. Ranar da ubanki ya ajiye basilla, wa zai ba ki ko loma don kin iya zana mai kifi tana hamma? Ni na tsufa, na zubar da mutuncina sau biyu a ofishin shugabar makarantar nan saboda ke, kuma ba don halinki ba, don jini ne.

Daga yau, duk ambulan da na ɗaga na ji ya yi kauri, na san shirme ne a ciki, ba zan buɗe ba. Takardar makaranta falle biyu ce, na san nauyinta. Ita kaɗai nake jira, kuma kada ki ƙara kawo mini maganar asibiti.

Gwaggonki

10 ga Mayu

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da hoton da ke falo. Shi dai na san ba abin da zai same shi.

Kin ce ban iya ƙafa ba. To na yarda a gwada. Na haɗa shafi huɗu na liƙe su da gam ɗin shago suka zama babban shafi ɗaya, na yi kwana tara ina zana ƙafar duk wanda ya cire takalmi a bencinmu. Ƙafa ashirin ce, ba fuska, ba suna. Akwai ta mai kifi da fason da za a iya ɓoye tsaba a ciki. Akwai ta wani ɗan dako, shimfiɗaɗɗiya kamar faranti. Akwai ta wata ma'aikaciyar banki da ta matse yatsunta cikin takalmin da bai kai ta ba har suka hau juna, don dai a ce mata 'yar gayu. Akwai ta direba, ta malami, ta mai ciki wata takwas, ta tsoho ɗan tamanin wanda shi ma a zaune yake wuni. A cikinsu ɗaya ta Baba ce. Ba wuyar samu, don ya daina sa takalmi a shago, sau biyu yana ƙara wa maɗaurin fata har ya gaji ya jefa shi ƙarƙashin tebur.

Ke kika yi masa wanka yana yaro, ke kika goya shi, kin sha faɗa mana har mun haddace. To nemo shi. In duka ashirin ɗin taɓare ne, na yarda ban iya ba, zan cike takardarki in zo in wanke fo har ki gaji. In kuwa goma sha tara ƙafafun mutane ne, ɗaya ce ta fita daban, to ki tambayi shekara talatin da biyun nan taki abin da suka gani.

Jiya a zaune ya yi sallar la'asar. Da na tambaye shi ya ce tabarmar ce ke da santsi.

Na san ambulan ɗin ya yi kauri. Ba yadda zan yi in rage shi. Ba zan sake rubutowa ba sai na ji daga gare ki, don na gaji da roƙon abin da ko baƙo a hanya aka roƙa zai bayar.

'Yarki

19 ga Yuni

'Yata,

Wa'alaikumus salam. Ki bar maganar lafiyata. A cikin ambulan ɗin nan akwai 'yar takarda a ninke da na rubuta wa ubanki. Ki miƙa masa kafin ki ƙarasa karanta wannan. Na ce masa ya ajiye abin da ke hannunsa ya tafi asibiti yau, ba gobe ba, kuma ni ce na ce.

Saƙonki ya iso tun sha huɗu ga Mayu. Na ɗaga na ji kauri, na jefa shi saman kabad, ina cewa bari in koya wa yarinya hankali. Yau da safe shugabar makaranta ta aiko tana tambaya, gobe za a rufe, ina takardar 'yar taki? Sai na ce ƙila kin cusa ta cikin tarkacen, na hau kujera na sauko da shi. Don takardar na buɗe, ba don komai ba, gara in faɗa miki da bakina.

Ban yi minti ɗaya ina nema ba. Layi na uku, ta biyu daga hagu. Ga tabon kwalbar da ya taka yana ɗan shekara shida, ni na cire masa ita da hannuna a bayan gida, ko shi ba ki manta ba. Sannan na ga ɗan rubutun da kika yi a gefe da ƙananan baƙaƙe, wai wannan ramin gefen gindin bokiti ne ya bari a ƙwaurinsa, har kika gama zanen bai cike ba. A nan na zauna a ƙasa. Shekara nawa na yi ina kama yatsan ɗalibai ina danna shi a ƙwaurin majinyaci, ina ce musu ku ƙirga, in ramin bai tashi ba ku ruga ku kira likita. Ta mai cikin ma kin ba ta nauyinta daidai, ta tsohon daidai, ba wadda ta yi kusa da tasa.

Na ciro sauran shafuka biyar ɗin daga cikin durowa inda na shimfiɗa su ƙarƙashin cokula, na jera su bisa kwanan wata. Jijiyar wuya, matashi uku, zobe, cikin da ya taso hannu na ramewa. Zuciya ce ta gaza, ruwa ne ke taruwa a jikinsa. Ɗalibar shekarar farko za ta faɗa. Komai na nan tun shafin farko, ni kuma na zauna ina ba ki maki kamar malamar zane.

Ke ma dai da kin rubuto da babban baƙi cewa ba ya iya kwanciya, maimakon ki binne shi cikin labarin mai hoto. Amma bar shi, kin rubuta, na je na duba, yana nan.

Ki saurara. Kada ya taka da ƙafarsa zuwa titi, ki nemi mota. Kada a bar shi ya kwanta miƙe. Ki cire gishiri daga abincinsa, kwalaben mai kemis kuma ki zubar a kwata. Ki tafi da littafin naki gaba ɗaya ki nuna wa likita, da kwanan watan, kada ki ji kunya. Ki rubuto mini abin da suka ce a ranar, in na ji sai in san yadda zan shirya tahowa.

Gwaggonki

27 ga Yuni

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Kin ce a bar maganar lafiyarki, na bari. Ta Baba ce za ki ji.

Takardarki ta iso ranar Litinin da hantsi. Yana tsakiyar shafa gam a tafin wani takalmi, na miƙa masa. Ya karanta sau biyu, ya rufe gwangwanin gam ɗin, ya ce, "To, Yaya ta ce." Shi ke nan. Ba musu, ba tambaya. Abin da na yi wata uku da rabi ina kuka a kai, layinki biyu suka gama shi kafin gam ya bushe. Mai sayar da kayan ƙarfe na kusa da mu ne ya kai mu a motarsa, mutum biyu suka ɗaga shi, don daga kujera zuwa bakin ƙofa ya gagara.

Likitan yaro ne, irin waɗanda Baba ke rainawa, kuma ya tambaye shi shekarunsa. Bayan sun gama aune-aunensu na ba shi littafin kamar yadda kika ce. Bai yi dariya ba, bai ce yatsun sun yi kama da ayaba ba. Ya tsaya a tsaye a baranda yana buɗawa shafi bayan shafi, yana duba kwanan wata. Ya sa yatsa a kan na Maris ya ce a nan da ƙwayoyi ne kawai da hutu. Ya kai na tsakiyar Mayu ya ce a nan ma da an yi kokawa an ci. Daga nan ya rufe littafin ya miƙo mini da hannu biyu. Ya ce ƙodar ma yanzu ta bi sahu, za su zuƙe ruwan da za su iya don ya samu numfashi, amma duk wanda ya kamata ya gan shi a kira shi, kada a jira sabon wata.

Na karanta bayanin da kika yi na kabad da kujera da durowar cokula. Kin iya ba da rahoto, ba shakka, ba abin da kika rage. Har da ɗan guntun laifin da kika yanko mini kafin ki mayar, na gani, na gode. Ban san me kike so in yi da shi ba. In yafiya ce, ba ni aka yi wa ba. Ni zagi kawai na sha, kuma zagi ba ya kumbura ƙafa.

Kin ce in kin ji sai ki san yadda za ki shirya. To kin ji. Ni na san ba shiri ne ya tsaya miki ba, fuskarsa ce ba kya son gani, don haka bari in sauƙaƙa miki. Bai san komai ba. Ya tambaye ni me ya sa amsarki ta daɗe haka, na ce gidan waya ne suka riƙe takardata mako biyar. Ya yarda nan take, don a wurinsa ruwa ya fi kusa da kama wuta a kan ke ki ga saƙonsa ki ƙi buɗewa. Yanzu duk ma'aikaciyar da ta zo duba shi sai ya ba ta labarin yayarsa, wadda daga zanen ƙafa kawai, daga wata uwa duniya, ta gano cutar da mai kemis ya kasa ganowa yana taɓa shi. Suna ta mamaki, suna cewa irinku sun ƙare. Ni kuwa ina zaune a gefe ina fiƙe fensir.

Don shi na yi ƙaryar nan, ba don ke ba, kuma ban taɓa yi masa wata ba sai ita. In kin zo zai maimaita miki labarin gidan waya, zai zage su, zai jira ki taya shi. Ki san abin da za ki ce tun daga hanya, don ni zan fita baranda in bar ku.

Kada ki amsa wannan da takarda, ba za ta riske shi da amfani ba. Ɗakin maza ne na hawa na biyu, gado na huɗu. Tun shekaranjiya ya sa aka juya masa matasansa zuwa wajen ƙofa, wai kada ki shigo ki tarar ya ba ki baya.

'Yar ƙanenki